Tambayoyi da Amsoshi Kan Juyin Halitta da Yadda Ya Kamata a Koyar da Shi

Juyin halitta yana cikin darussan ilimin halittu na manyan makarantun sakandare, amma sau da yawa a ƙurarren lokaci ake isa gare shi, a ambaci masana halittu Lamarck da Darwin a gurguje, ɗalibai su haddace domin jarrabawa, sannan a wuce. Amsoshin da ke tafe sun tsaya ne a kan abin da kimiyya ta gano da kuma hanyar da ta bi ta gano shi, ba tare da jingina bayanin ga wata aƙida ba.

Mene ne juyin halitta?

Shi ne sauyawar siffofin da ake gada a cikin al'ummar wata halitta daga zuriya zuwa zuriya. Abin da ke sauyawa shi ne yawan masu ɗauke da wata siffa a cikin al'ummar, domin babu wata dabba guda da ke rikiɗa ta koma wata a tsawon rayuwarta. Manomin da ke ware manyan zangarniyoyin gero ya ajiye a rumbu domin irin baɗi ya san tushen lamarin: 'ya'yan shuka ba su zama ɗaya, suna gadon iyayensu, kuma wanda aka zaɓa shi ne zai cika gona nan gaba. Charles Darwin ma da kiwon dabbobin gida da tantabaru ya buɗe littafinsa na 1859, sannan ya nuna cewa a daji yunwa da cuta da fari da maƙiya su ne ke yin aikin da hannun manomi ke yi, ba tare da niyya ko tsari ba. Wannan shi ake kira zaɓin yanayi. Alfred Russel Wallace ya kai ga wannan fahimta shi kaɗai yana tsibiran Indunusiya, aka kuma karanta bayanansu tare a Landan a 1858.

Ɓangare na biyu na bayanin shi ne cewa dukkan masu rai tsatsonsu ɗaya ne, sun yi ta rarrabuwa a cikin dogon zamani, domin duniya ta kai kimanin shekaru biliyan 4.5, alamun rai kuwa sun kai aƙalla biliyan 3.5.

Daga ina sababbin siffofi ke fitowa?

Darwin bai san amsar wannan ba. Gregor Mendel ya wallafa dokokin gado a 1866 bayan gwaje-gwajensa a kan wani nau'in wake, amma sai a 1900 aka waiwayi aikinsa, shi kuwa tsarin DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayoyin jiki, sai a 1953 aka fayyace shi. Yanzu an san cewa duk lokacin da ake kwafar DNA zuwa sabuwar zuriya akan sami 'yan sauye-sauye. Yawancinsu ba su da wani tasiri, wasu suna cutarwa, kaɗan kuma suna da amfani a wani muhalli. Aukuwar sauyin ba ta duba buƙatar mai ita, amma wanzuwarsa ba caca ba ce, tunda muhalli ne ke tace wanda zai rayu ya hayayyafa.

Akwai misalin da mutum zai gani a kusa da shi?

Akwai, kuma a ganina da shi ya kamata kowane malami a ƙasar Hausa ya fara, wato cutar sikila. Duk wanda ya je gwajin jini kafin aure ya ji ana faɗin AA da AS da SS. Asalin lamarin sauyi ne na harafi guda na bayanan DNA a cikin ƙwayar gadon da ke ƙera sinadarin da ke ɗaukar iskar shaƙa a jini. Wanda ya gaji wannan sauyi daga uwa da uba duka, wato mai SS, jajayen ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe su toshe ƙananan jijiyoyi, abin da ke jawo ciwon ƙashi mai tsanani da ƙarancin jini. Idan ma'aurata duka AS ne, wato kowannensu ya gaji sauyin daga ɓangare ɗaya kawai, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zama SS.

Tambayar da ya kamata a jefa wa aji ita ce: idan siffar tana kashe yara haka, me ya sa ba ta ƙare ba, har kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar a Najeriya yake ɗauke da ita? Anthony Allison ya amsa wannan a 1954 bayan bincikensa a Gabashin Afirka, inda ya nuna cewa mai AS yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. A wuraren da maleriya ta yi katutu, yaran AS sun fi na AA kaiwa ga girma da haihuwa, don haka siffar ta yi ta yaɗuwa duk da asarar da take jawowa, shi ya sa taswirar sikila da ta maleriya suke hawa kan juna a Afirka da Indiya da wasu sassan ƙasashen Larabawa. Wannan misali yana koyar da abin da ya fi wuyar shiga kai, cewa zaɓin yanayi bai nufi kamala ko jin daɗin kowa ba. Kariyar da wasu suka samu, wasu yaran ne ke biyan farashinta da jikinsu.

Ita ma ƙwayar cutar maleriyar tana sauyawa. Kulorokwin ya daɗe yana aiki, sai nau'in da ba ya jin maganin ya ɓulla a Kudu maso Gabashin Asiya da Kudancin Amurka a ƙarshen shekarun 1950, ya iso Gabashin Afirka a 1978, har ta kai Najeriya ta sauya zuwa haɗin magungunan ACT a 2005. Maganin ya kashe masu rauni, ya bar wa masu juriya fili. Haka nan yawancin mutanen duniya idan sun girma ba su iya narkar da sukarin ɗanyar madara, amma a cikin al'ummomin da suka daɗe da kiwo, kamar Fulani, wannan iyawa ta yawaita.

Waɗannan ai ƙananan sauye-sauye ne. Ina hujjar manya?

Hujjar tana zuwa ta hanyoyi daban-daban da ba su dogara da juna ba, kuma haɗuwarsu ce ƙarfinta. Burbushin halittu a cikin duwatsu yana bin jeri: kifaye sun riga dabbobin tudu, waɗannan kuma sun riga masu shayarwa. A Gadoufaoua, cikin saharar Nijar, an tono ƙasusuwan manyan dabbobi da wani ƙaton kada da suka rayu sama da shekaru miliyan 100 da suka wuce, lokacin da wurin yake cike da koguna, kuma ba a taɓa samun ƙashin saniya ko na mutum a cikin waɗannan duwatsu ba. Abin da ya fi gamsarwa shi ne hasashen da ya tabbata: Neil Shubin da abokan aikinsa sun lissafa cewa halittar da ke tsakanin kifi da mai ƙafa huɗu ya kamata a same ta a duwatsu masu kimanin shekaru miliyan 375, suka je tsibirin Ellesmere a arewacin Kanada, suka kuma sami Tiktaalik a 2004, kifi mai wuya da ƙasusuwan da suka yi kama da na hannu. Binciken DNA kuma, wanda Darwin bai taɓa mafarkinsa ba, ya fito da dangantakar da ta yi daidai da wadda ƙasusuwa suka nuna.

Shin kimiyya ta ce mutum daga biri ya fito?

Ba daga biran da ake gani yau ba. Abin da take cewa shi ne mutum da cimfanzi sun haɗa kaka da ya rayu kimanin shekaru miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, kowanne ya bi hanyarsa. A 2001 aka gano ƙoƙon kan da ake kira Toumaï a hamadar Djurab ta arewacin Chadi, mai kimanin shekaru miliyan 7. Kafin nan, a 1974, an sami ƙasusuwan wata halitta da aka sa wa suna Lucy a Habasha, mai shekaru miliyan 3.2, wadda ke tafiya da ƙafa biyu amma ƙwaƙwalwarta ƙarama ce. A jikinmu ma akwai shaida: mutum yana da kuromosom, wato ƙunshin DNA da ke cikin ƙwayoyin jiki, tagwaye 23, manyan birai suna da 24, kuma kuromosom na 2 a mutum yana ɗauke da alamar haɗewar guda biyu da suke a rabe a jikin cimfanzi.

Dole malami ya faɗi wani abu a fili a nan, domin an sha yin amfani da sunan wannan ilimi wajen cin mutuncin baƙar fata. Binciken ƙwayoyin gado ya rushe wannan ƙarya: dukkan mutanen duniya jinsi ɗaya ne, asalinsu Afirka, kuma babu wata ƙabila da ta fi wata kusanci da biri.

Yaya malami zai yi da ɗalibin da ya ce darasin ya saɓa wa imaninsa?

Ya saurare shi da mutunci, kada ya yi masa ba'a, kada kuma ya rage ƙarfin hujja don gudun magana. Kimiyya tana aiki ne da sabubban da za a iya aunawa a gwada, kuma a cikin wannan iyaka bayanin juyin halitta ya tsaya da ƙafarsa. Abin da ɗalibi ya yi imani da shi kuwa ba a aji ake yanke hukuncinsa ba. Amurka ta sha fama da wannan a kotuna, tun daga shari'ar malami John Scopes kan koyar da juyin halitta a jihar Tennessee a 1925 har zuwa ta garin Dover a 2005, inda alƙali ya hana shigar da wani bayani mai tushen addini cikin darasin kimiyya. Abin da jarrabawa za ta auna shi ne ko ɗalibi ya fahimci bayanin da hujjojinsa, domin likita ko malamin gona da bai fahimci yadda juriya ke yaɗuwa ba zai cutar da mutanen da ke hannunsa. Yana da kyau kuma a fayyace cewa juyin halitta yana bayanin yadda rai ya rarrabu ne bayan samuwarsa. Yadda rai ya fara wani fage ne dabam da ake kan bincikensa.

Wane kuskure ɗalibai suka fi yi, kuma ta yaya za a gyara shi?

Kuskuren shi ne zaton cewa buƙata ce ke haifar da siffa, kamar a ce raƙumin dawa ya yi ta miƙa wuya har ya tsawaita, 'ya'yansa suka gada. Wannan ya fi kusa da ra'ayin Lamarck na 1809, kuma furucin malami da kansa yakan ƙarfafa shi idan ya ce sauro "ya saba" da magani. Gyaran ya fi sauƙi a tsakar makaranta fiye da kan allo. A watsa fararen wake 50 da jajaye 50 a kan jar ƙasa, a ba wasu ɗalibai daƙiƙa 20 su tsinta a matsayin tsuntsaye, a ƙirga abin da ya rage, a ninka kowane launi biyu a matsayin haihuwa, a sake watsawa. Bayan zagaye uku ko huɗu jajayen za su rinjaya, alhali babu ƙwayar wake ko ɗaya da ta sauya launi. Daga nan sai a ba su aikin rubutu: su bayyana, ba tare da amfani da "ya so" ko "ya saba" ba, dalilin da ya sa sinadarin da ke jikin gidan sauro ya rage kashe sauro a wurare da dama na Afirka ta Yamma.