Waiwaye: Sarakuna da ayyukan haɗin gwiwa tsakanin gwamnati da kamfanoni

A zamanin mulkin mallaka, musamman a Arewacin Najeriya inda Gwamna Lugga ya kafa tsarin mulki ta hannun sarakuna, babu hanya ko kasuwa ko layin dogo da zai ratsa ƙasar wata masarauta ba tare da sanin En'e, wato hukumar mulkin sarki, ba, domin kotu da 'yan doka da gidan yari da baitulmali duk suna hannunta. Wannan iko ya soma zaizayewa a ƙarshen shekarun 1960 lokacin da gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka, sannan garambawul ɗin ƙananan hukumomi na 1976 ya mayar da sarakuna masu ba da shawara kawai. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora alhakin filaye a wuyan gwamnoni, tsarin mulkin 1999 kuwa bai tanadar wa sarakuna wani aiki ba ko kaɗan.

A kan wannan shimfiɗa aka kafa dokar 2005 da ta haifar da hukumar ICRC, mai sa ido kan yarjejeniyoyin da gwamnatin tarayya ke ƙullawa da kamfanoni masu zaman kansu. A takarda, ɓangarori biyu ne ke magana, gwamnati da mai zuba jari. Amma ranar da masu awo suka sauka da turakunsu a bakin gona, ba ma'aikatar da ta sa hannu manomi yake nufa ba, ƙofar mai unguwa ko dagaci yake zuwa, domin su ne suka san iyakar gonar wane da wane, da burtalin shanu, da makabartar da taswira ba ta nuna ba, da magadan da rabon diyya zai iya haɗawa faɗa. Kamfanoni sun daɗe da fahimtar haka, shi ya sa ziyarar ban girma a fada ta zama matakin farko na kusan kowane babban aiki.

Abin da rashin gamsar da jama'a ke jawowa ya fito fili a hanyar Lekki zuwa Epe a Legas, wadda aka damƙa wa wani kamfani na tsawon shekaru 30: mazauna yankin sun yi zanga-zanga da aka fara karɓar kuɗin wucewa a Disambar 2011, daga bisani gwamnatin Legas ta saye yarjejeniyar.

Sai dai shigar da sarki cikin magana ba ya nufin an ji ta bakin talakawansa, kuma a nan ne nake ganin babban haɗarin yake. Afirka ta Kudu ta ga fuskoki biyu na lamarin, alherinsa da haɗarinsa. Masarautar Bafokeng ta yi doguwar shari'a da kamfanin haƙar ma'adinai na Impala Platinum, aka sasanta a 1999, daga baya ta mayar da kuɗin da ake biyanta zuwa hannun jari, ta gina makarantu da hanyoyi. A gefe guda, a 2018 kotun tsarin mulkin ƙasar ta hana korar mutanen ƙauyen Lesetlheng daga gonakinsu, duk da cewa hukumar gargajiya ta Bakgatla ta amince a haƙi ma'adinai a wurin, domin ba a tuntuɓi masu noman filin yadda doka ta tanada ba. Hukuncin ya yi daidai, domin amanar da ke hannun basarake ta tara mutane ce da isar da kokensu, ba ta sallama haƙƙinsu a bayan idonsu ba.

A Najeriya, dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa kamfani ƙulla yarjejeniyar raya ƙasa da al'ummar da zai yi aiki a cikinta, dokar man fetur ta 2021 kuma ta ware wa irin waɗannan al'ummomi kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanarwar kamfani. Duka biyun sun ƙara nauyin tambayar wa zai wakilci al'umma, yayin da ƙudurorin sama wa sarakuna gurbi a tsarin mulki ke ta kai komo a majalisar tarayya.