Mene ne distirakta a tambayar canki-canka?

Duk wanda ya zauna JAMB ko WAEC ya san tambayar obj, wato canki-canka, tambaya ɗaya amsoshi huɗu A zuwa D, ɗaya ce kacal daidai. To sauran ukun nan su masu binciken auna ilimi ke kira distirakta, ni dai amsar tarko nake ce musu, kuma wallahi a nan ake gane malamin da ya iya saita tambaya.

Bari in ba da misali. A wace shekara Najeriya ta samu 'yancin kai? In ka sa 1960, 1963, 1914 da 1999 ka yi aiki, don 1963 ne aka zama jamhuriya, 1914 aka haɗe kudu da arewa, 1999 aka dawo mulkin farar hula, yaron da ya yi karatu sama-sama dole ɗaya ta ja shi. Amma in ka sa 1960, 1963, 1500 da 2030 fa? Biyun ƙarshe matattu ne, ko ɗan firamare ba zai kalle su ba, kaga yaron da bai san komai ba maimakon damar cankarsa ta zama kashi 25 cikin ɗari ta koma 50, makin da ya samu kuma ba iliminsa ba ne, sakacin malam ne. Abin nan yana damuna sosai, don yaron da ya kwana yana bita shi aka cuta.

Dama amfanin obj kenan, ko wa ya yi makin, mutum ko kwamfuta, sakamako ɗaya ne, ba kamar tiyori ba da malamai biyu za su duba takarda ɗaya da makin sikim ɗaya, wato jagoran ba da maki, wannan ya ba 12 wancan ya ba 15. Tunda ba gardama a wajen makin, duk nauyin ya koma kan saita tambayar.

Yadda ake gwada tarkon ba wuya. Bayan an gama makin sai a jera takardu daga mai yawa zuwa mai kaɗan, a ware kashi 27 na sama da kashi 27 na ƙasa, a ƙirga wa ya zaɓi me. Tarko mai kyau 'yan ƙasa yake kamawa fiye da 'yan sama. Wanda ƙasa da kashi 5 na ɗalibai suka zaɓa ana ɗaukarsa ba ya aiki, a canza shi. A ce ɗalibai 100 ne, kaga 'yan sama 27 ne, 'yan ƙasa ma 27, sai 24 cikin 'yan sama suka ci tambayar, 9 cikin 'yan ƙasa, ka cire 9 daga 24 ka raba da 27, ya ba ka kusan 0.56, tambayar tana bambance gwani da rago yadda ya kamata. In kuwa ka ga gwanayen ajin ne suka tattaru a kan B alhali kai C ka rubuta a matsayin amsar daidai, kar ka yi saurin cewa ba su karanta ba malam, koma ka duba takardar amsarka tukuna, sau da yawa kuskuren yana can, ko kuma tambayar amsa biyu gare ta.