Dakatar da korar 'yan haya a Ingila lokacin annobar korona

Tsakanin watan Maris na 2020 da Oktoba na 2021 gwamnatin Birtaniya ta ɗauki matakai da dama don hana masu gidaje a Ingila fitar da 'yan haya yayin da annoba ta tsayar da sana'o'i. Matakan ba su yafe wa kowa kuɗin haya ba. Bashi ya ci gaba da taruwa a kan ɗan haya, abin da aka tsawaita kawai shi ne hanyar da mai gida zai bi kafin ya karɓi gidansa.

A ƙa'idar da ake bi kafin annobar, mai gida na bayar da notis ƙarƙashin Dokar Gidaje ta 1988. Sashe na 21 ya ba shi damar neman gidansa ba tare da ya kawo dalili ba, muddin ya ba da wa'adin wata 2. Sashe na 8 kuwa sai da dalili, kamar bashin haya, kuma a wancan lokaci wa'adinsa kan kasance mako 2. Dokar Korona ta 2020 ta mayar da wa'adin wata 3 daga 26 ga Maris, sannan wata 6 daga 29 ga Agusta. Ranar 1 ga Yunin 2021 aka rage shi zuwa wata 4, aka koma tsohuwar ƙa'ida ranar 1 ga Oktoba. An ware wasu lamura masu tsanani, kamar ɗan hayan da ya addabi maƙwabta. Wanda ake bi bashin wata 6 ko fiye, notis na mako 4 ya isa a kansa daga ƙarshen Agustan 2020.

A nan ne lauyoyi da masu gidaje suka fi yin tuntuɓe. Ranar da aka miƙa notis ita ce ma'auni, ba ranar da aka rubuta shi ba. Notis mai wa'adin wata 3 da ya isa hannun ɗan haya bayan 29 ga Agusta ya zama banza, sai a sake lissafi daga farko. Fom ɗin sashe na 21 ma an yi ta sabunta shi, wanda ya ɗauko tsoho daga kwamfutarsa ya bai wa lauyan ɗan haya makami. Akwai kuma ranar mutuwar notis: a da wata 6 ne daga ranar miƙawa, aka mayar da shi wata 10 lokacin da wa'adi ya kai wata 6. Idan ba a shigar da ƙara a cikin wannan lokaci ba, notis ya tashi aiki.

Kotuna sun dakatar da shari'o'in karɓe gidaje tun 27 ga Maris 2020. An ƙalubalanci dakatarwar a shari'ar Arkin da Marshall, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da halaccinta a watan Mayu. Da aka dawo zama ranar 21 ga Satumba, ƙararrakin da aka shigar kafin 3 ga Agusta ba su farfaɗo da kansu ba, sai wani ɓangare ya rubuta wa kotu takardar neman a ci gaba, mai gida kuma ya bayyana abin da ya sani game da yadda annobar ta shafi ɗan haya da iyalinsa. Samun hukunci ma bai kai ga samun makulli ba, domin an hana jami'an kotu fitar da mutane daga Nuwambar 2020 har 31 ga Mayun 2021, in ban da 'yan lamura kaɗan.

Masu hayar shaguna da ofisoshi nasu tsarin daban ne. Sashe na 82 na Dokar Korona ya hana soke yarjejeniyar hayarsu saboda bashi har zuwa 25 ga Maris 2022. Daga nan wata sabuwar doka ta kawo tsarin sasanci a gaban mai shiga tsakani kan bashin da ya taru lokacin da aka tilasta rufe wuraren kasuwanci, aka ba da wata 6 don gabatar da buƙata, wa'adin da ya ƙare 23 ga Satumba 2022.