Mene ne "gyaran raguwar haske" a hoton PET da MRI, kuma me ya kawo ƙashi cikin maganar?

Gyaran raguwar haske lissafi ne da kwamfutar PET, wato na'urar asibiti mai ɗaukar hoton cikin jiki daga hasken wani sinadari da aka yi wa mutum allurarsa, take yi domin ta mayar wa hoto hasken da jikin majinyaci ya haɗiye kafin ya iso gare ta. Majinyaci ba ya ganin wannan aiki, amma ingancin lambobin da likita zai dogara da su wajen cewa ƙari ya ragu ko ya ƙaru yana rataye a kansa.

Kafin a ɗauki hoton PET, akan yi wa mutum allurar wani sinadari mai fitar da tururin nukiliya kaɗan. Wanda aka fi amfani da shi shi ne FDG, wato wani nau'in sukari da aka maƙala wa fulorin-18, wanda ƙarfinsa yake raguwa da rabi a duk bayan kimanin minti 110. Da yake ƙwayoyin ciwon daji da yawa sun fi lafiyayyun ƙwayoyi zarin sukari, sinadarin yakan taru a inda suke. Daga nan sai ya riƙa sakin wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira fositiron, kowace kuma idan ta ci karo da elektron sai su hallaka juna, haske biyu masu ƙarfi sosai su fito, ɗaya ya nufi gabas ɗaya yamma. Zoben na'urar da ya kewaye majinyaci ba ya ƙirga komai sai duka biyun sun iso a tare. Matsalar ita ce tsokar jiki tana tare su a hanya. Kaurin tsoka na kimanin santimita 7 ya isa ya rage su da rabi, idan kuma hanyar ta kai santimita 30, abin da zai tsira bai wuce kamar 6 cikin 100 ba. Saboda haka hoton da ba a gyara ba yakan nuna fata tana ƙyalli, tsakiyar jiki kuwa ya dushe, kamar yadda fitilar mota mai ƙarfi takan yi dishi-dishi daga nesa a ranar da hazon hunturu ya yi kauri.

Domin a gyara wannan, dole ne kwamfuta ta sami taswirar da ke faɗa mata yawan hasken da kowane sashe na jiki yake tarewa. A da can ana samun taswirar ne ta hanyar juya wani sanda mai jamaniyum-68, shi ma sinadari mai fitar da tururin nukiliya, a kewayen majinyaci, aikin da yake cin lokaci. Sai David Townsend da Ronald Nutt suka haɗa PET da CT, wato hoton eksire mai nuna cikin jiki yanki-yanki, a na'ura guda, aka fara gwada ta a Jami'ar Pittsburgh da ke Amurka a 1998, ta shiga kasuwa a 2001. Wannan haɗi ya yi dace, domin shi kansa hoton CT ba komai yake aunawa ba illa yadda jiki yake tare hasken eksire, kuma ƙashi yana fitowa a cikinsa fari tas. Ɗan sauyin lissafi kawai ake yi a mayar da shi taswirar da PET take bukata.

Da aka zo haɗa PET da MRI, wato hoton da ake ɗauka da maganaɗisu, sai al'amarin ya sauya. Kamfanin Siemens ya fito da irin wannan na'ura mai suna Biograph mMR a 2010, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2011, kamfanin GE kuma ya biyo baya da Signa a 2014. Dalilin son wannan haɗi a bayyane yake: MRI ya fi CT fito da ƙwaƙwalwa da hanta da sauran sassa masu laushi, kuma ba ya ƙara wa mutum tururin eksire, abin da yake da muhimmanci ga yara da waɗanda za a maimaita wa hoto sau da yawa. Sai dai MRI ba ya auna yadda jiki yake tare haske ko kaɗan. Abin da yake saurare shi ne amsawar ƙwayoyin haidirojin da ke cikin ruwa da kitse idan aka sa su cikin maganaɗisu mai ƙarfi. Ƙashi mai tauri kuwa ruwansa kaɗan ne, ɗan sautin da yake bayarwa ma yakan mutu cikin ƙasa da kaso ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, tun kafin na'urar ta fara saurare. Sakamakon haka ƙashi yana fitowa baƙi, iska ma tana fitowa baƙa, alhali a wajen tare haske su biyun sun yi hannun riga. Iska kusan ba ta tare komai, tsoka tana da ma'aunin tare haske na kusan 0.096 a kowane santimita, ƙashi mai tauri kuma yana kaiwa 0.15 ko fiye.

Hanyar da aka fara bi ita ce ta W. Thomas Dixon, wanda ya nuna tun a 1984 yadda MRI zai raba kitse da ruwa. A kanta ne masu bincike a birnin Munich na Jamus suka gina tsarin raba jiki gida huɗu a 2009: iska, huhu, kitse da tsoka. Ƙashi bai sami gida ba, sai aka lissafa shi a matsayin tsoka. A ciki ko hanta, kuskuren da wannan yake jawowa ƙarami ne. A kai kuwa, inda ƙoƙon kai ya lulluɓe ƙwaƙwalwa ta ko'ina, da kuma ƙarin da ya zauna a cikin ƙashin baya ko ƙugu, kwamfuta takan mayar da ƙasa da abin da aka rasa, lambar da ake kira SUV, mai nuna yawan sinadarin da ya taru a wuri, ta sauko da kaso 10 cikin 100 ko fiye. Abin da ya fi damuna a nan shi ne kuskuren bai zama ɗaya a ko'ina ba. Ya fi yawa a gefen ƙwaƙwalwa da ke manne da ƙashi, ya ragu a tsakiya, kuma gefen nan ne ainihin wurin da likita yake dubawa idan yana neman alamar ciwon mantuwa ko tushen farfaɗiya. Wuri mai lafiya yana iya bayyana kamar bai ja sinadarin yadda ya kamata ba.

An bi hanyoyi da dama domin dawo da ƙashi cikin lissafi. Akwai salon ɗaukar MRI mai tsananin sauri, UTE da ZTE, wanda yake kama sautin ƙashi kafin ya mutu, ko da yake yakan ruɗe a kogunan hanci da kunne inda siraran ƙasusuwa suke cuɗe da iska. Akwai kuma hanyar samfuri, inda ake ajiye hotunan CT na wasu mutane, a lanƙwasa su su dace da siffar majinyacin, a ɗora masa ƙoƙon kai da ƙashin baya da na ƙugu da na cinya a taswirarsa. Daga wajejen 2017 hankali ya karkata ga ƙirƙirarriyar basira, wadda ake horarwa da hotunan MRI da CT na mutane ɗaya har ta iya zana hoton CT na kwaikwayo daga MRI kaɗai, kuma a hoton ƙwaƙwalwar manya sakamakonta ya matso kusa da na CT na gaske ƙwarai.

A ganina raunin hanyoyi biyun ƙarshe iri ɗaya ne, domin dukansu suna hasashen ƙashin mutum ne daga ƙasusuwan wasu. Wanda aka yanke wa wani ɓangare na ƙoƙon kai a tiyata, da jaririn da ƙashinsa bai gama ƙwari ba, da mai ƙarfe a ƙugu ko a haƙora, ba lallai su yi kama da mutanen da aka horar da kwamfutar da su ba, su ne kuma sau da yawa suka fi bukatar hoton. Shi ya sa ma'aikatan sashen sukan buɗe taswirar gyaran su duba ta da ido kafin a karanta sakamako, kuma idan za a kwatanta lambar SUV ta yau da ta watanni uku da suka wuce, sai an tabbatar da irin na'urar da kuma irin gyaran da aka yi amfani da su a kowane karo.