Waiwaye: Yadda Shekara 16 Ta Zama Ranar Kasuwar Yaran Besbol

Duk ranar 15 ga Janairu hotuna iri ɗaya ne ke fitowa daga Jamhuriyar Dominika da Benezuwela: yaro ɗan shekara 16 sanye da hular wata ƙungiyar MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, alƙalami a hannunsa, iyaye na tsaye a bayansa. A takarda, ranar ce aka buɗe ciniki. Amma duk wanda ke cikin harkar ya san yawancin manyan cinikin an gama su da baki shekara biyu ko uku kafin nan, tun yaron yana 13 ko 14. An daɗe ana ja-in-ja, musamman tun 2022, kan ko a rushe wannan kasuwa a kawo zaɓen bi-da-bi irin wanda ake yi wa yaran Amurka, inda ƙungiyoyi ke bin layi suna ɗauka, yaro kuma ba ya iya ciniki sai da wadda ta zaɓe shi. Maganar ta ƙara zafi a 2024, bayan mutuwar wani ɗan shekara 14 a Dominika wanda iyalinsa suka ce an yi masa allurar maganin dabbobi a wurin horo. Masu muhawara da yawa suna magana kamar jiya-jiya abin ya tsiro, alhali ya haura shekara 80 ana fama da shi, wurin zama kawai yake sauyawa.

Farkon labarin sananne ne ga masu bin wasan. A 1941 ƙungiyar Detroit ta ba Dick Wakefield dala 52,000 da mota don ya sa hannu. A 1950 Pittsburgh ta kai kuɗin Paul Pettit dala 100,000, shi kuwa wasa ɗaya tak ya ci a babbar gasa. Masu ƙungiyoyi suka ga suna neman talauta junansu, sai suka kafa doka a 1947, suka soke ta a 1950, suka dawo da wadda ta fi ta tsauri daga 1953 zuwa 1957: duk yaron da aka ba fiye da dala 4,000 kuɗin sa hannu, dole ya zauna cikin 'yan wasa 25 na babbar ƙungiya shekara biyu cur, ba a tura shi ƙananan gasanni inda ake koyon sana'ar.

Sunayen da ake tunawa daga wancan zamani su ne waɗanda suka tsira. Al Kaline ya zama zakaran bugu na gasarsa a 1955 yana ɗan shekara 20. Sandy Koufax, mai dala 14,000, da Harmon Killebrew, wanda sau 93 kawai aka lissafa masa tsayuwa bugu a kaka biyu, daga baya duk sun shahara. Sauran fa? Tom Qualters ya karɓi dala 40,000 daga Philadelphia a 1953, abokan wasa suka laƙaba masa suna mai nufin jakar kuɗi. Sau ɗaya aka sa shi jifa a shekarar, ya fitar da mutum ɗaya, aka ci shi maki shida. A 1954 kuwa ko sau ɗaya bai taka fili ba, benci ya ɗumama daga farkon kaka har ƙarshenta. Ya bar babbar gasa da wasanni 34, babu nasara babu faɗuwa a sunansa. Frank Leja ya tsaya bugu sau bakwai a shekara biyu da Yankees. An yi dokar don a hukunta ƙungiya mai almubazzaranci, sai hukuncin ya sauka a kan yaro, wanda ya rasa shekarun da ƙashinsa ke karɓar horo. Aka yi watsi da ita a Disamban 1957, farashi ya sake tashi, har Rick Reichardt ya karɓi kimanin dala 200,000 a 1964. Shekara ta zagayo aka fara zaɓen bi-da-bi, kuma Rick Monday, wanda aka fara ɗauka a 1965, kusan rabin wancan kuɗi ya samu.

Zaɓen ya tsaya ne a kan mazauna Amurka. Wajen iyaka kasuwa ta ci gaba da ci babu shinge, kuma da Kuba ta rufe ƙofa bayan juyin juya halin 1959, masu farautar yara suka kwarara Dominika, inda kaya ke da araha. Felipe Alou dala 200 aka ba shi, Juan Marichal dala 500. Har zuwa 1988 Pedro Martínez dala 6,500 ya karɓa. Da kuɗin yaron Amurka ɗaya sai a ɗebi ashirin a can, idan ɗaya ya yi fice an ci riba.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne 1984. A shekarar aka sa wa wani yaro ɗan Dominika mai suna Jimy Kelly hannu a kwantiragi yana ɗan shekara 13, a kan dala 5,000. Babu dokar da aka karya, domin a lokacin babu dokar shekaru ga yaran waje kwata-kwata. Kelly ya yi ta fafutuka a ƙananan gasanni cikin mutanen da suka girme shi nesa ba kusa ba, bai taɓa leƙa babbar gasa ba, wasansa ya ƙare yana wajen shekara 20. Surutun da sa hannunsa ya jawo ne ya haifar da ƙa'idar da har yau ake aiki da ita, wasu ma da sunansa suke kiranta. A siffarta ta yanzu, sai yaro ya cika 16 kafin ya sa hannu, kuma ya zama zai cika 17 kafin 1 ga Satumban shekara mai zuwa.

Niyyar kariya ce, babu shakka. Sai dai dokar ta faɗi ranar da ƙungiya za ta iya saye, ta yi shiru kan wanda zai riƙe yaron kafin ranar. A Amurka wannan giɓi cike yake da makarantun sakandare da kwalejoji masu filaye da masu horarwa. A Dominika babu irin wannan tsari a makarantu. Sai masu horarwa masu zaman kansu suka shigo, waɗanda ake kira buscones, wato masu nema. Aikinsu ya haɗa na malami da na mai masauki da na dillali: mutum ya ɗauki yaro tun yana 11 ko 12, ya ciyar da shi, ya ba shi makwanci da takalmi da safar cafe ƙwallo, ya horar da shi safe da yamma shekara uku ko huɗu ba ya karɓar ko sisi. La'adarsa sai ranar sa hannu, kuma yawanci tana kaiwa kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na kuɗin. Wakilin ɗan wasa a Amurka kashi 4 ko 5 yake ɗauka. Kafin a yi saurin zagin dillali, a tuna cewa cikin yara goma da yake ciyarwa watakila ɗaya ko biyu ne za su samu abin kirki, kuma daga kason waɗannan ne ake biyan shinkafar sauran. Cikinsu akwai masu amana da suka fitar da iyalai daga talauci, akwai kuma marasa tsoron Allah. Tsarin ba ya rarrabe su.

Illa ta biyu ta fi wannan zurfi. Da aka ce 16 ce ƙasa, sai kasuwa ta mayar da ita sama. Mai farauta ba abin da yaro yake yau yake saye ba, abin da zai zama yana 22 yake hasashe. Ɗan 16 da ke jifa da gudun mil 90 a sa'a, kimanin kilomita 145, ana ganin zai ƙara idan ya cika jiki. Ɗan 19 mai irin wannan jifa ana ganin ya gama girma. Jifa ɗaya, farashi kuwa ya bambanta ninki goma ko fiye. Haka ma gudun yadi 60 da ake auna su da shi: wanda ya yi ƙasa da daƙiƙa 7 yana 15 abin kallo ne, yana 19 kuma ba labari ba ne. Yaron da ya wuce shekararsa ta farko ba a ɗauke shi ba, ya zama kwantai tun bai fara aske gemu ba.

Daga nan sauran cututtukan suka fito, kowace da dalilinta. Idan shekara ɗaya tana rage rabin kuɗi, takardar haihuwar ƙane ko ta ɗan maƙwabci ta zama kadara. Da Amurka ta tsaurara binciken biza bayan 2001, an gano ɗaruruwan 'yan wasa da shekarunsu ko sunayensu ba na gaskiya ba ne. Zargi ya rufe har masu gaskiya: Miguel Sanó sai da aka yi masa gwajin ƙashi da na ƙwayoyin halitta a 2009 kafin Minnesota ta ba shi dala miliyan 3.15. Mai bin ƙwallon ƙafa a nan zai tuna da hoton wuyan hannu da aka fara yi wa 'yan ƙasa da shekara 17 a gasar duniya da Najeriya ta karɓi baƙunci a 2009, ciwon ɗaya ne. Idan kuma ana son ɗan 14 ya yi ƙirar ɗan 17 a ranar gwaji, sai a koma ga allura, kuma magungunan ƙara tsoka na dawaki da shanu suna da arha, ba su da wuyar samu. Makaranta ita ce ta farko da ake sadaukarwa, domin horo sau biyu a rana ba ya barin lokacin aji.

Ƙungiyoyi kuwa sun gina makarantun horo nasu don karɓar waɗanda suka riga suka sa hannu. Gasar bazara ta Dominika ta fara a 1985, ƙungiyar Dodgers ta buɗe sansaninta na Campo Las Palmas a 1987, yau duk ƙungiyoyi 30 suna da sansani a ƙasar, da yawansu a yankin Boca Chica. Ƙasa mai mutum kimanin miliyan 11 tana ba babbar gasa 'yan wasa wajen 100 a farkon kowace kaka.

Kuɗi ya yi tashin gwauron zabi daga baya. Michael Ynoa ya karɓi dala miliyan 4.25 a 2008, Nomar Mazara miliyan 4.95 a 2011. Sai aka sake komawa ga tsohon magani, wato ƙayyade kashe kuɗi. Daga 2012 kowace ƙungiya aka yanka mata kason dala miliyan 2.9, wadda ta wuce ta biya tara. Masu hali suka riƙa wucewa suna biya, don haka daga 2017 aka mayar da shi iyaka da ba a tsallakewa, tsakanin miliyan 4.75 da 5.75. Kuɗin da bai wuce dala 10,000 ba ba ya shiga lissafi.

A nan ne dokar 1984 da dokar kaso suka haɗu suka haifi abin da ake kuka da shi yau. Ƙungiyar da ba za ta iya fin takwararta kuɗi ba, sai ta riga ta zuwa. Ga yadda abin ke tafiya. Mai farauta ya ga yaro ɗan 13, ya yi wa mai horar da shi alkawarin, a ce, dala miliyan 2 daga kason shekara uku masu zuwa. Ba a rubuta komai, domin rubutawa karya doka ce. Daga ranar an yi wa yaro kamu, a janye shi daga wuraren baje koli, sauran ƙungiyoyi su daina kallonsa. Iyali su fara cin bashi da ruwa mai yawa a kan kuɗin da bai zo ba, wani lokaci mai horarwa ya sayar da wani yanki na kasonsa ga mai zuba jari. Idan yaron ya yi tsawo ya cika yadda aka zata, kowa ya yi murna ranar 15 ga Janairu. Idan bai yi ba, ko gwiwar hannu ta samu matsala, ko gwajin magani ya kama shi, sai a rage kuɗin ko a janye alkawarin ana saura 'yan watanni. Lokacin sauran ƙungiyoyi sun riga sun rabar da kasonsu ga wasu yaran da su ma aka yi wa alkawari tuntuni, ba shi da wurin zuwa, ga bashi a wuya. Ko wanda aka cika wa alkawari, hasashe a kan ɗan 13 caca ce. José Altuve dala 15,000 ya samu, Ronald Acuña dala 100,000, kuma dukansu sun zama gwarzon ɗan wasan gasarsu, yayin da da yawa daga masu miliyoyi ba su kai ko'ina ba.

Masu son zaɓen bi-da-bi suna da hujja mai ƙarfi: ba wanda zai yi wa ɗan 13 alkawari idan bai san ko layi zai kawo kansa ba. Masu ƙi kuma suna nuna Puerto Rico, tsibirin da ke ƙarƙashin Amurka. Tsibirin ya fitar da Roberto Alomar da Bernie Williams da Iván Rodríguez da Carlos Delgado, duk an sa musu hannu suna 16 ko 17 a shekarun 1980. Da aka shigar da shi cikin zaɓen a 1990, sai da yaro ya gama sakandare, kuma ƙungiya ba ta da dalilin kashe kuɗi a kan wanda wata za ta iya ɗauke mata. Masu farauta suka rage zuwa, da yawa a can suna ɗora laifin raguwar 'yan wasansu a kan wannan sauyi. Masu horarwa a Dominika suna tsoron idan farashi ya zama ƙayyadadde babu ciniki, babu wanda zai ci gaba da ciyar da yara goma.

A 2022 an kai bakin gaɓa. Tayin kawo zaɓen bi-da-bi ga yaran waje, wanda gasar da ƙungiyar 'yan wasa suka tattauna, ya ƙunshi zagaye 20, yara 600, kowane matsayi da kuɗinsa tsayayye, aka sa 25 ga Yuli ranar ƙarshe. Ɓangaren gasar ya tsaya a dala miliyan 191, ƙungiyar 'yan wasa ta nemi miliyan 260, aka tashi baram-baram a kan tazarar miliyan 69. Yaran da ake magana a kansu ba 'yan ƙungiyar 'yan wasan ba ne, ba su da kujera a zaman, an ma haɗa batunsu da wata ƙa'ida ta daban da ta shafi manyan 'yan wasa masu sauya ƙungiya. Babbar yarjejeniyar aiki da gasar ta ƙulla da 'yan wasa a waccan shekara wa'adinta 1 ga Disamban 2026 ne, a teburin da zai gaje ta maganar za ta sake tashi.