Kutse a filin ƙwallo: abin da kalmar ta ƙunsa

A 'yan shekarun nan, in ka ji kalmar kutse, hankalinka intanet yake tafiya: an yi wa wane kutse a Facebook, an kwashe wa wance kuɗi a waya. Amma kafin kwamfuta ta ari kalmar, ta masu ƙafa da kafaɗa ce. Daga kutsawa ta fito, wato mutum ya cusa kai inda ba a ba shi hanya ba, irin yadda ake yi a ƙofar gidan biki lokacin rabon abinci. A harkar ƙwallo, idan aka ce an yi kutse, ana nufin marasa tikiti sun shiga filin wasa. Daban yake da mamaye fili, inda 'yan kallo ke dirowa daga kujerunsu zuwa kan ciyawa, kamar yadda aka yi a Abuja a watan Maris na 2022, ranar da Ghana ta hana Najeriya zuwa Kofin Duniya. Wancan a ciki yake faruwa. Kutse kuwa sha'anin bakin ƙofa ne.

A majalisarmu ta shan ataya a Aboabo, nan Kumasi, ba wanda ke lissafa shi cikin laifi. Wayo ake kiransa, kuma kowa na da nasa labarin. Ni ma ina da nawa. Ina yaro, sai in tsaya gefen layi in zaɓi dattijo mai babbar riga, in matsa kusa in ce, "Baba, don Allah ka shiga da ni." In ya yi murmushi ya miƙo mini rediyonsa in riƙe, shi ke nan, na zama ɗansa har mu wuce mai yaga tikiti. Wasu katanga suke haurawa. Wasu su dunƙula 'yan sidi a tafin mai gadi, a ce na goro. Mafi haƙuri su jira a buɗe ƙofa dab da tashi, su kalli mintunan ƙarshe kyauta. Duk waɗannan da ture ƙofar ƙarfe da mutum ɗari biyar za su yi lokaci guda, suna ɗaya muke ba su, kuma a ganina wannan ne ya sa muke raina abin.

Asarar kuɗin ƙofa ita ce ƙaramar matsala. Babbar ita ce lissafi ya ɓace. Filin Baba Yara na nan Kumasi yana ɗaukar mutum kusan dubu 40, kuma a kan adadin nan ake auna faɗin matakala, da yawan ƙofofin fita, da jami'an tsaro nawa za a kawo. Tikiti ba rasit ba ne kawai, ƙidaya ce. Da zarar an ɓalle ƙofa ɗaya, ba wanda ya san mutum nawa ne a wane ɓangare. Kuma a turmutsitsi yawanci ba tattakewa ce ke kisa ba. Mutum yana tsaye a kan ƙafafunsa ake matse masa ƙirji har numfashi ya gagara.

Kada a ce ciwon talakan Afirka ne. Ranar 11 ga Yulin 2021, a wasan ƙarshe na kofin Turai tsakanin Ingila da Italiya a filin Wembley na Landan, binciken da Louise Casey ta jagoranta ya gano kusan mutum 2,000 sun shiga babu tikiti, an ɓalle ƙofofi sau 17, har da na naƙasassu da na fitar gaggawa. Wasu kusan 6,000 na waje suna jiran Ingila ta ci su afka ciki yayin da na ciki ke fitowa. Ingila ta faɗi a bugun fenariti, kuma mai yiwuwa faɗuwar nan ce ta ceci rayuka. A Miami ta Amurka, a Yulin 2024, an jinkirta wasan ƙarshe na kofin Copa America tsakanin Ajantina da Kolombiya fiye da awa guda, an ga mutane suna rarrafe ta bututun iska, masu tikitin gaske kuma da yawa suna waje.

Sai dai kalmar tana da wani amfani da ya kamata mai sauraron labarai ya lura da shi. Tana ɗora laifi kacokan a kan wanda ya shigo, ta wanke wanda aka ba amanar ƙofar. Shi ya sa take da daɗin faɗa a bakin hukuma. A Paris a 2022, ranar wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai, da magoya bayan Liverpool suka maƙale a waje suna shan barkonon tsohuwa, ministocin Faransa suka ce jabun tikiti ne sila. Daga baya kwamitin bincike mai zaman kansa ya ce hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ce ke da kaso mafi girma na laifin. A filin Hillsborough na Ingila ma, inda turmutsitsi ya kashe magoya bayan Liverpool da dama a 1989, an shekara da shekaru ana jifan 'yan kallo da zargin maye da rashin tikiti kafin a tabbatar da gazawar 'yan sanda. A filin Olembe na Yaounde, inda mutum 8 suka rasu a turmutsitsi a Janairun 2022, shugaban hukumar ƙwallon Afirka, CAF, Patrice Motsepe da bakinsa ya ce akwai ƙofar da ya kamata a ce tana buɗe amma aka same ta a rufe.

Mu a Ghana ba sai an yi mana bayanin rufaffiyar ƙofa ba. Ranar 9 ga Mayun 2001 a filin Accra, Hearts of Oak ta ci Kotoko 2 da 1, 'yan kallo suka fara jifa da kujerun roba, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, jama'a suka ruga matakala suka tarar da ƙofofi a kulle. Mutum 126 suka rasu, da yawansu 'yan unguwar Nima da sauran zangonni. Ba kutse ne ya jawo wannan ba. Na kawo shi ne don kwaɗon da ke hana na waje shiga shi ne ke hana na ciki fita, kuma mai tsaron da tsoron kutse ya cika wa zuciya kwaɗo yake fara nema. Inda aka iya aikin, tun daga nesa da katanga ake kafa shingen farko a duba tikiti, a buɗe ƙofofi da wuri, a ajiye mutum a kowace ƙofar fita da ikon buɗe ta ba sai ya jira umarni ba.

Yanzu da ake sayen tikitin manyan wasanni ta waya, na zaci dabarar rediyon Baba ta mutu. Kwanaki ɗan yayata ya nuna mini hoton tikiti guda a wayarsa, ya ce su huɗu ke da shi. Na ce, "Kai yaro, in na'urar ta kama ku fa?" Ya ce, "Kawu, sai in ana latsa na'urar. In layi ya yi tsawo, kallon waya kawai suke yi su ce wuce."