Ƙarfen sabis a bayan gida: abin da doka ta ce a kan ramin da ake kafa shi

Duk unguwar da aka zo kafa ƙarfen sabis, gardamar da ake yi iri ɗaya ce. Wannan ya ce zai jawo ciwo, wancan ya ce ƙarar janareto za ta hana yara barci, wani kuma idonsa na kan kuɗin hayar da mai fili zai karɓa. Da wuya ka ji wanda ya tambayi zurfin ramin da aka haƙa, ko irin ƙasar da aka tarar a ciki. Alhali ranar da iskar farkon damina ta taso daga gabas tana kwashe kwanon rufi, wannan ramin ne zai raba gardama.

A Nijeriya hukumomi biyu na tarayya ne ke da ta cewa kai tsaye. Hukumar sadarwa ta NCC ta fitar da ƙa'idojin kafa turakun sadarwa a 2009, bisa ikon da dokar sadarwa ta 2003 ta ba ta. Hukumar kare muhalli ta NESREA kuma ta fitar da nata a 2011. Nan aka samu saɓani da ya daɗe ana ja a kai: NCC ta ce tazarar mita 5 daga ginin da ke kusa ta wadatar, NESREA ta ce sai mita 10 daga katangar gida, ko makaranta, ko asibiti. Har rufe wasu turaku aka yi saboda wannan. Ƙa'idar NCC ta kuma ce ƙarfen da ya wuce mita 25 ba a kafa shi a unguwar zaman jama'a sai da amincewarta. Sai hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama da ke duba tsayi, ita ce dalilin fentin ja da fari da jan fitilar da ke ƙiftawa da dare. A jiha kuma akwai izinin hukumar tsara birni, kamar KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna.

To amma fa a lura, ƙarfe mai tsawon mita 40 idan ya kife, tazarar mita 5 da ta mita 10 duk ɗaya suke. A ganina shi ya sa sashen ƙa'idar NCC da ya fi muhimmanci shi ne wanda mutane ba su karantawa, wato na fandisho.

Abin da sashen ke nufi a taƙaice shi ne, ba a zana harsashin ƙarfe da ka. Sai an fara gwada ƙasar wannan filin, ba ta maƙwabta ba, a san nauyin da za ta iya ɗauka da kuma inda ruwa yake a ƙarƙashi. Sannan injiniya ya yi lissafi bisa wannan sakamako da ƙarfin iskar yankin. Injiniyan kuma ba duk mai hular kwano ba ne. Hukumar COREN, wadda aka kafa tun 1970, ita ke da rajistar waɗanda doka ta yarda su sa hannu da hatimi a kan zanen aikin injiniya a ƙasar nan.

Mai gini zai ce ai mun saba, fandisho fandisho ne. A nan ake yin kuskure. Gida nauyi gare shi, aikin harsashinsa shi ne ya raba nauyin a kan ƙasa don kada ya nitse. Ƙarfen sabis kuwa ba shi da wani nauyi idan aka kwatanta da tsawonsa, abokin gabarsa iska ce. Idan ta buge shi daga gefe ɗaya, ƙafafun da ke can gefen su danna ƙasa, waɗanda ke ɓangaren iskar kuma su nemi tumɓukewa sama, kamar yadda ake girgiza turken akuya har ya fito. Saboda haka dole kankaren da ke ƙasa ya yi nauyin da zai riƙe ƙafar. Mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi na kankare ya kai kusan tan 2.4, kuma ƙasar da aka mayar aka daddaɓe a kansa ita ma tana cikin lissafi. Wani abin kuma, ƙarfin bugun iska ba ya tafiya daidai da gudunta: idan gudun ya ninka biyu, bugun ya ninka huɗu.

Na taɓa tsayawa a kan wani aiki a bayan layinmu, a filin da dattawan unguwa suka san kududdufi ne aka cike. Leburori sun yi ƙasa kamar tsayin mutum, abin da cebur ke fitarwa baƙar ƙasa ce haɗe da leda da tsumma da fasassun kwalabe. Wani tsoho da ke zaune a kan benci ya ce wa ɗan kwangilar, “Yaro, nan fa mun yi wanka muna yara.” Shi kuwa ya ce, “Baba, zane daga ofis aka aiko, haka muka yi a wancan garin.” Kwana biyu ana haka ruwa ya fara tsattsafowa, dole aka tsayar da aiki aka kawo masu injin gwada ƙasa. Abin da tsohon ya faɗa a kyauta shi takardar gwajin ta zo ta maimaita.

Ƙasarmu kuwa ba iri ɗaya ba ce. Marmara da jar ƙasa mai tauri suna ɗaukar kaya. Rairayi yana ɗauka idan a matse yake, amma ruwa na iya wanke shi daga gindin kankare. Fadama ruwanta a kusa yake, kuma kankaren da ke cikin ruwa nauyinsa na raguwa, riƙonsa ma haka. Mafi wuyar sha'ani ita ce baƙar lakar da ke yankin tafkin Chadi, wajen Dikwa da Ngala, wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani. Irin wannan takan ɗaga gini ta sauke duk shekara, sai an wuce ta zuwa ƙasa mai zama lafiya, ko a saukar da ginshiƙai masu zurfi.

Bayan zane sai aikin hannu. Rodi ya zama girman da aka rubuta, kankare ya lulluɓe shi don kada tsatsa ta ci. Ana ɗibar samfurin kwaɓin a gwada ƙarfinsa a kwana 7 da kwana 28, domin a kwana 28 ake ƙiyasta ya kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi. Wanda ya zuba kankare ranar Litinin ya fara ɗora ƙarfe ranar Laraba, gaggawa ce ta sa shi, ba lissafi ba.

Akwai abin da ke faruwa bayan shekaru wanda ba a cika lura da shi ba. Hukumar NCC na ƙarfafa kamfanoni su yi tarayya a ƙarfe ɗaya maimakon kowa ya kafa nasa, kuma hakan na da kyau. Sai dai kowace eriya da kowane faranti da aka ƙara, wurin kama iska aka ƙara, fandishon kuwa yana nan yadda aka zuba shi. Kafin ƙarin kaya ya kamata a sake lissafi.

Idan kai ne mai fili, ko maƙwabci, ko mai unguwa, kana da bakin tambaya kafin a zuba kankare: ina izinin hukumar tsara birni, ina takardar tantance tasirin aikin ga muhalli, ina sakamakon gwajin ƙasa mai ɗauke da adireshin wannan fili, ina zane mai hatimin injiniya. Mai fili ya sa a rubuta cikin yarjejeniyar haya wanda zai biya idan ƙarfe ya yi ɓarna, da batun inshora. Idan kuwa ƙarfen ya riga ya tsaya, gindinsa za a riƙa dubawa bayan ruwan sama mai ƙarfi: tsagewa a kankare, ruwa da ke kwanciya, zaizaya da ta buɗe gefe, noti mai tsatsa ko wanda aka kwance. A ɗauki hoto da kwanan wata, a rubuta wa kamfanin, a aika kwafi ga ofishin NCC na shiyya da hukumar tsara birni, a riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.